Wa Ake Tambaya? Sharhi Kan Sabon Salon Tallafa wa Masu Galahanga da Raunin Fahimta a Zamfara

A watan Janairun 2024 wa'adin shekara biyar da dokar hana nuna wariya ga masu naƙasa ta ɗibar wa ma'aikatu da gine-ginen jama'a ya cika. A cikin wannan wa'adi ne aka ce su gyara ƙofofi da matakala da makewayi, yadda mai keken guragu zai shiga ba sai an cicciɓe shi ba. Tun da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa dokar hannu a Janairun 2019, yawancin abin da ake tattaunawa a kanta a gidajen rediyo da tarurruka bai wuce batun gini da guraben aiki ba, musamman kashi 5 cikin 100 na ɗaukar ma'aikata da ta ce hukumomin gwamnati su keɓe wa masu naƙasa.

Akwai kuwa waɗanda dokar ta shafa da matakala ba ta taɓa tare musu hanya ba, wato masu galahanga da masu raunin fahimta. Makafi da guragu da kutare sun daɗe da sarakunansu a garuruwan ƙasar Hausa, kurame ma suna da ƙungiyoyinsu, kuma duk suna iya zuwa gaban hukuma su faɗi kokensu da bakinsu. Mai raunin fahimta ba shi da sarki. Kullum wani ne yake magana a madadinsa: uwa, ko wa, ko malamin makaranta, ko likita. Saboda wannan giɓi ne ma'aikatan lafiya da na jin daɗin jama'a suke yawan ambaton wani salon aiki da za a iya kiransa tallafi mai farawa daga mutumin kansa. Iyaye da yawa sun ji kalmar a taron bita sun koma gida ba su gane abin da ta bambanta da kulawar da suke yi tun haihuwar ɗansu ba, wasu kuma sun ɗauka ana nufin a sakar wa yaro mara ya yi abin da ya ga dama.

## Kalmomi uku da ake cakuɗawa

Kalmar galahanga ta yaɗu ta kafofin watsa labarai, amma a bakin jama'a tana ɗaukar abubuwa da yawa. Ana kiran yaron da aka haifa da larurar Dawun, mai jawo jinkirin koyo da girma, da ita, ana kiran wanda gaɓoɓinsa suka shanye saboda raunin da ƙwaƙwalwa ta samu wajen haihuwa da ita, ana kuma kiran mai otizim da ita. A wannan sharhi ana nufin otizim ne.

Otizim yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa take ginuwa, kuma alamunsa sukan bayyana cikin shekara biyu zuwa uku na farkon rayuwa. Ana gane shi ta fuska biyu. Ta farko ita ce mu'amala: yaro ba ya waiwayowa idan an kira sunansa ko da yake kunnensa lafiya lau, ba ya nuna abu da yatsa don wani ya gani, magana takan yi jinkiri ko ta zo a matsayin maimaita abin da aka faɗa masa. Ta biyu ita ce tsananin riƙo da abin da aka saba da maimaita motsi iri ɗaya, tare da jin ƙara ko haske ko taɓawa fiye da yadda sauran mutane suke ji, har ƙarar injin markaɗe ko lasifikar biki ta zame masa azaba. Likitan yara masu larurar ƙwaƙwalwa Leo Kanner ya bayyana shi a rubuce a Amurka a 1943, bayan ya lura da yara 11. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kiyasta cewa kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da shi, kuma an fi gano shi a maza. Masu otizim sun sha bamban da juna ƙwarai. Akwai wanda ba zai taɓa magana ba kuma yana buƙatar mai kula da shi dare da rana, akwai wanda zai haddace Alƙur'ani da wuri ko ya gama jami'a, amma zaman majalisa da raha su gagare shi.

Raunin fahimta wani abu ne dabam, ko da yake sukan haɗu a mutum ɗaya. Ana cewa mutum yana da shi idan abu uku suka taru: koyo da lissafi da warware matsala suna yi masa wuya fiye da sa'o'insa nesa ba kusa ba, hidimomin yau da kullum kamar wanka da cefane da ƙirga canji suna buƙatar taimako, kuma abin ya faro tun yana yaro. Yana da matakai, kuma mafi yawan masu shi suna mataki mai sauƙi, wato suna iya koyon sana'a su riƙe kansu idan an bi su a hankali.

Na uku shi ne taɓin hankali, kuma a nan ne cakuɗawar take yin ɓarna. Taɓin hankali yakan sami mutumin da a da yake lafiya, yakan tashi ya kwanta, kuma magani yakan yi masa aiki. Otizim da raunin fahimta ba su da maganin da zai kawar da su. Akwai magungunan da likita kan bayar don farfaɗiya, wadda ta yawaita a tsakanin waɗannan yara, ko don rage tsananin fusata, amma wannan lamari ne na gefe. Idan iyali suka ɗauki ɗansu a matsayin mahaukaci, hanyar da suke bi sananniya ce: ruƙiyya, hayaƙi, boka, ƙwayoyin sa barci daga kemis, daga ƙarshe mari ko ɗaki a kulle.

## Abin da ya sa batun ya fi nauyi a Zamfara

Game da otizim, binciken da aka yi a ƙasashe da dama ya nuna gado ne ke da kaso mafi girma. An taɓa ɗora laifin a kan iyaye mata a Turai da Amurka, ana cewa rashin nuna ƙauna ne, an kuma watsar da wannan ra'ayi tuni. Rahoton 1998 da ya alaƙanta otizim da allurar riga-kafin ƙyanda a Ingila shi ma mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, aka kuma soke lasisin likitan da ya jagorance shi. Wannan ya cancanci a faɗa a yankin da ya taɓa ƙaurace wa riga-kafin shan inna a 2003.

Raunin fahimta kuwa yana da dalilai da yawa da ake iya karewa, kuma kusan dukkansu suna nan a jihar: doguwar naƙuda da ke hana jariri numfashi da wuri, shawarar jarirai da aka bari ta yi tsanani ana jiran ta wuce da kanta, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, tamowa a shekarun farko, da sanƙarau, wanda annobarsa ta 2017 ta fi ƙamari a Zamfara. A kan waɗannan duka sai ga gubar dalma. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, saboda ana dakawa da niƙa duwatsun zinare masu ɗauke da dalma a cikin gidaje, ƙurar tana sauka a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Aƙalla yara 400 suka rasu, dubbai suka sha magani, kuma sai a 2013 aka kwashe gurɓatacciyar ƙasar ƙauyen Bagega. Maganin yana rage dalmar da ke cikin jini, amma ba ya mayar da abin da ta riga ta lalata a ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro.

## Inda salon ya samo asali

Har tsakiyar ƙarni na 20, abin da ƙasashen Turai da Amurka suke yi da masu raunin fahimta shi ne tara su a manyan gidajen gwamnati a bayan gari, ɗaruruwa ko dubbai a wuri guda, kowa ya tashi lokaci ɗaya, ya ci abu ɗaya, ya sa tufa iri ɗaya. Denmak ta fara sauya hanya da dokarta ta 1959, wadda ta ce a bar su su yi rayuwa mafi kusa da ta kowa. A Amurka, tonon asirin gidan Willowbrook na New York a 1972, inda aka nuna yara tsirara cikin ƙazanta, ya hanzarta rufe irin waɗannan wurare. Da aka fara fito da mutane sai wata tambaya ta taso, wadda ba a taɓa yi musu ba: ina kake son zama, da wa, kana yin me? Masana irin su John O'Brien da Beth Mount da Michael Smull suka tsara hanyoyin yin wannan tambaya a shekarun 1980, Ingila ta sa su cikin manufar gwamnati a 2001, Ostireliya kuma ta gina tsarin inshorar naƙasa a kansu daga 2013. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa ta 2006, wadda Nijeriya ta sa wa hannu a 2007 ta kuma tabbatar a 2010, ta ɗauki ruhin wannan salo, musamman a sashe na 12 da na 19.

Tarihin Zamfara ba haka yake ba, domin ba a taɓa gina irin waɗancan manyan gidaje a nan ba. Iyali ne suke ɗauke da nauyin tun fil azal. Sai dai abin da aka yi ƙorafi a kansa a can, wato a tsara wa mutum rayuwarsa kaf ba tare da an tambaye shi ba, yana iya faruwa a ɗakin da ke ƙuryar gida kamar yadda ya faru a ginin gwamnati. Samamen da 'yan sanda suka kai gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura da wasu garuruwa a 2019 ya nuna inda iyalan da suka rasa yadda za su yi suke kai 'ya'yansu.

## Yadda ake yin sa a aikace

Tsohon salo yana farawa ne da jerin abin da mutum ba ya iyawa, sannan a duba wane shiri ake da shi a ƙasa a saka shi ciki. Sabon yana farawa da sanin mutumin: me yake faranta masa rai, me yake tayar masa da hankali, wa yake sakewa da shi, me ya iya. Ginshiƙinsa shi ne rarrabe abu biyu da Smull ya shahara da su, wato abin da ran mutum yake so da abin da zai amfane shi. Shan maganin farfaɗiya a kan lokaci yana cikin abin da zai amfane shi. Zama kusa da awaki da yamma, ko sa wata riga guda da ya fi so, yana cikin abin da ransa yake so. Iyali da ma'aikata sukan iya na farkon su manta da na biyun, kuma mutumin da aka tsare masa lafiya aka hana shi duk abin da yake so yakan nuna ƙin yarda ta hanyar da ta rage masa, wato ihu ko duka ko fasa kaya.

A ɗauki misali, ba na wani takamaiman mutum ba. Saurayi ne ɗan shekara goma sha bakwai, mai raunin fahimta, kalmominsa ba su da yawa. Rashin tsaro ya taso iyalinsa daga ƙauye zuwa gidan haya a gefen Gusau. Kullum da safe sai ya fice, a same shi a bakin titi, yara na binsa da jifa, 'yan kabu-kabu na kauce masa. Mahaifiyarsa, don tsoron kada mota ta buge shi, sai ta fara kulle shi idan za ta tafi aikatau. Ya fara dukan ƙofa yana cizon hannunsa, maƙwabta suka ce iskokai ne suka tashi, aka kawo shawarar mari.

Ma'aikacin da ya san wannan salo ba zai fara da tambayar yadda za a hana shi fita ba. Zai tambayi inda yake zuwa. Idan ƙaninsa ya bi shi kwana biyu aka ga kullum wurin mai sayar da tumaki yake tsayawa, aka kuma tuna cewa a ƙauye shi ne mai ba dabbobin gida dusa da ruwa, to an gano abin da ransa yake so, an kuma gano abin da ya iya. Daga nan sai a tara waɗanda suka damu da shi, shi ma yana zaune a wurin: uwa, kawu, ƙani, malamin Islamiyyar unguwa, wataƙila da mai tumakin. Kawu ya nemi alfarmar a bar yaron ya riƙa taimakawa da safe a ba shi ɗan abin sabulu. Ƙani ya riƙa raka shi har ya haddace hanyar da ba ta ratsa babban titi. Mai unguwa ya ja wa yaran da ke jifa kunne. A sa ranar da za a sake zama a ga abin da ya yiwu da wanda bai yiwu ba. Haɗarin bai gushe gaba ɗaya ba, amma an rage shi ba tare da an toshe abu ɗaya da yake sa saurayin ya tashi da safe ba.

Akan rubuta abin da aka gano a takarda guda: abin da mutane suke yabawa game da shi, abin da yake da muhimmanci a wurinsa, da yadda ake taimaka masa. Takardar tana da amfani ranar da aka kwantar da shi a asibiti ko ya koma hannun wani ɗan'uwa, domin ma'aikaciyar jinya da ba ta san shi ba za ta karanta cewa ba ya son a taɓa shi ba a faɗa masa ba, kuma idan ya riƙe kunnensa yana nufin ƙara ta yi yawa.

Tambayar da iyaye suka fi yi ita ce yadda za a ji ra'ayin wanda ba ya magana. Amsar masu wannan aiki ita ce rashin magana ba rashin ra'ayi ba ne. Ana miƙa masa abu biyu a ga wanda zai ɗauka. Ana amfani da hotuna, ko da kayan gida, kofi ya zama alamar ƙishirwa, buta ta zama alamar makewayi. Ana kuma karanta halinsa, domin sauyin hali na farat ɗaya a wurin wanda ba ya iya cewa "nan ke mini ciwo" sau da yawa ciwon haƙori ne ko na kunne ko taurin bayan gida, kuma ya kamata a duba waɗannan kafin a tafi ga wata fassara. A nan ilimin uwa ya fi na kowane ƙwararre, tunda mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, sai dai salon yana tunatar da cewa ainihin mai ɗakin shi ne yaron.

## Inda ra'ayoyi suka rabu

Suka ta farko ita ce salon ya fito ne daga al'ummar da take ɗaukar kowane baligi a matsayin mai cin gashin kansa, wanda burinsa shi ne ya bar gidan iyaye ya kama nasa. A ƙasar Hausa ko mai cikakkiyar lafiya ba ya yanke shawarar aure ko sana'a ko ƙaura shi kaɗai, don haka masu wannan suka suna ganin baƙon abu ne a ce wanda ya fi kowa rauni shi za a ba wuƙa da nama. Masu kare salon suna amsawa cewa ma'aunin shi ne rayuwar sa'o'insa a inda yake. Idan sa'o'insa suna zuwa masallaci da kasuwa da ɗaurin aure, ana kuma jin ta bakinsu kafin a yanke abin da ya shafe su, to abin da ake nema masa ke nan, ba gidan kansa a wata unguwa ba. Suna ƙarawa da cewa taron dangi da maƙwabta da Turawa suke wahalar haɗawa da gangan, a nan yana nan a shirye. Wannan amsa tana da ƙarfi, amma ba ta share wata matsala ba: a zaman da kawu da wa suke magana, uwa ma takan yi shiru, balle yaron.

Saɓani mafi zurfi yana kan wilaya. Kwamitin da ke sa ido kan yarjejeniyar 2006 ya fitar da fassara a 2014 cewa a daina tsarin da wani yake yanke hukunci a madadin mai naƙasa, a koma ga taimaka masa ya yanke da kansa. Likitoci da lauyoyi da dama a duniya sun ce wannan ya wuce gona da iri, domin akwai mutanen da ko da wane irin taimako ba za su fahimci sayar da gona ko yin tiyata ba, kuma cire musu waliyyi tamkar miƙa su ga macuta ne. A Zamfara, inda kotunan shari'ar Musulunci suke hukunci kan gado da aure, fiƙihu ya tanadi waliyyi ya riƙe dukiyar wanda ba ya iya sarrafa ta. Aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta hana a miƙa wa irin waɗannan dukiya, ta kuma yi umarni a ciyar da su a tufatar da su daga cikinta, a faɗa musu magana mai kyau. Aya ta 6, da take magana kan marayu, ta ce a jarraba su, idan an ga shiriya a miƙa musu dukiyarsu. Wato wilaya amana ce mai iyaka, kuma iyawa abu ne da ake gwadawa. Akwai kuma hadisin Anas a Sahihu Muslim game da matar da hankalinta yake da rauni, wadda ta ce wa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, tana da buƙata, ya ce ta zaɓi hanyar da take so ya tsaya da ita, ya kuma saurare ta har ta gama. Tsakanin matsayin kwamitin da na fiƙihu akwai tazara ta gaske kan manyan hukunce-hukunce, amma mafi yawan abin da ya haɗa rayuwar mutum ƙananan zaɓi ne na abinci da tufa da wurin zama da abokin hira, kuma babu ɓangaren da ya ce waliyyi ya ƙwace waɗannan.

Batun 'ya'ya mata ya fi tsauri. Tsoron fyaɗe gaskiya ne, domin yarinyar da ba ta iya ba da labari ita ce macuci ya fi nema, kuma wannan tsoro ne yake sa a kulle ta ko a gaggauta aurar da ita ga duk wanda ya nuna so. Masu wannan salo ba su hana auren mai raunin fahimta ba. Abin da suke tambaya shi ne ko ta san abin da aure yake nufi, ko an ji ta bakinta, ko an koya mata sassan jikin da ba a taɓawa da wanda za ta faɗa wa idan an taɓa, da kuma wanda zai ci gaba da leƙa ta bayan an kai ta ɗaki.

Kan makaranta, ana jayayya tsakanin masu son makarantu na musamman da masu son a haɗa yara duka a aji ɗaya, kamar yadda sanarwar Salamanka ta 1994, wadda ƙasashen duniya suka fitar kan ilimin masu buƙata ta musamman, ta nema. Na farko suna cewa ajin da ya cika maƙil da malami ɗaya ba zai amfani yaron da ƙara take firgita shi ba, na biyu suna cewa makarantar musamman tana birni, tana raba yaro da ƙauyensa, kuma an fi gina irinta don makafi da kurame. Akwai kuma muhawarar da manya masu otizim suka tayar a ƙasashen waje kan horon gyaran hali mai tsanani, inda suke cewa an wahalar da su don su yi kama da kowa, alhali kaɗa hannu ko kauce wa haɗa ido ba ya cutar da wani. Wasu iyayen yaran da larurarsu ta yi tsanani suna ganin masu wannan magana ba su san halin da suke ciki ba.

## Abin da zai canza wa talaka da abin da ba zai canza ba

A takarda, tanadin yana da yawa. Dokar 2019 ta ba mai naƙasa haƙƙin ilimi kyauta har sakandare, ta ce mai naƙasar ƙwaƙwalwa ya sami magani kyauta a asibitocin gwamnati, ta hana amfani da mai naƙasa wajen bara, ta kuma sa tarar naira 100,000 ko ɗaurin wata shida ga mutumin da ya nuna wariya, naira miliyan ɗaya ga kamfani. An kafa hukumar kula da masu naƙasa ta ƙasa a 2020. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sanar da sa mata hannu a farkon 2023 ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba da muhimmanci ga yardar mutum da mutuncinsa. Sai dai makarantar firamare da asibitin sha-ka-tafi, inda talaka yake haɗuwa da gwamnati, suna hannun jiha da ƙananan hukumomi 14, kuma abin da ba a sa masa kuɗi a kasafinsu ba ba ya isa ƙauye.

Ƙwararru ma sun yi ƙaranci. Iyalin da ke son a tantance ɗansu sukan fara da Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura a Gusau, wani lokaci a tura su asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Kware a jihar Sakkwato, tafiyar fiye da kilomita 200 a hanyar da ba kullum take da aminci ba. Kwalejin tarayya da ta keɓanta da horar da malaman masu buƙata ta musamman tana can garin Oyo. Irin wannan ƙarancin ƙwararru a ƙasashe da dama ne ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara shirin koyar da iyaye da kansu, wanda ma'aikacin lafiya na unguwa zai iya gudanarwa ba sai likita ba.

A nan salon yake da fa'ida da kuma haɗari. Fa'idar ita ce mafi yawansa ba ya buƙatar na'ura ko gini, kuma ba sai an jira takardar likita kafin a fara lura da abin da yaro yake so ba. Haɗarin shi ne hukuma ta fake da shi ta ce ai iyali da unguwa sun isa. Ƙasashen da suka riga mu sun ga yadda shirin yake zama cike fom kawai idan babu kuɗin aiwatarwa, kuma abin kunyar gidan Winterbourne View a Ingila, inda aka gano ma'aikata suna cin zarafin masu raunin fahimta, ya faru ne a 2011, shekara goma bayan an sa salon cikin manufar gwamnati. Uwar da take kwana a farke, ta bar sana'arta, wani lokaci ma aka sake ta saboda an ce daga danginta abin ya fito, ba za ta amfana da takarda guda ba idan babu mai karɓarta na awa uku ta huta, babu kuɗin maganin farfaɗiya na wata-wata. Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha da ƙungiyoyin agaji da ke raba tallafi ga 'yan gudun hijira suna iya sa irin waɗannan gidaje a lissafinsu, tunda mai raunin fahimta ba ya iya bin layi ya karɓi rabonsa, kuma uwarsa ba ta iya barinsa ta je ta bi.

Yaran da suke rarrafe a tsakar gidajen Dareta da Bagega a 2010 yanzu samari ne da 'yan mata. Waɗanda dalma ta bar wa rauni a cikinsu sun kai shekarun da ake maganar sana'a da aure da rabon gado, iyayensu kuma sun fara tunanin wanda zai riƙe su bayan ransu. Ana yanke waɗannan shawarwari ne a zaure da ɗakin uwa da gaban alƙali, mafi yawa ba tare da wani ma'aikacin gwamnati a wurin ba.